Oda 120 a azumi ɗaya: nazarin wani shagon ɗinkin maza a Gombe

Shagon da za a duba a nan yana cikin garin Gombe, ba nisa da babbar kasuwa. An buɗe shi a ƙarshen 2023, kuma mutum biyu ne suka haɗa hannu. Ɗaya matashi ne da ya gama karatu, bai taɓa taka keke ba, amma ya iya ciniki a waya, ya iya ɗaukar hoto, kuma yana da jama'a a WhatsApp da Instagram. Ɗayan dattijon tela ne da ya haura shekara 20 yana yanka kayan maza, wanda kowa a shagon ke kira Baba. Matashin ya kawo jari, Baba ya kawo almakashi da teloli biyu da yaro ɗaya mai guga da aike.

Abin da suka ce zai bambanta su da sauran shaguna shi ne zaɓi. Kwastoma ya zaɓi yadi ko shadda, ya zaɓi launi, ya faɗi irin yankan da yake so, wuya mai tsayi ko zagaye, hannu mai lins ko sakakke, aljihu a fili ko a ɓoye, aikin gaba kowane iri ya gani a hoto, har da haruffan sunansa a bakin hannu idan yana so. Shagon ne zai sayo yadin, ya ɗinka, ya goge, ya kai masa gida ko ya aika a tasha idan yana Bauchi, Yola ko Abuja. Masu sayen da suka sa a gaba su ne ma'aikatan gwamnati, malaman jami'ar jihar da ta Kashere, ma'aikatan asibitin koyarwa da na bankuna, wato mutanen da ke da albashi amma ba su da lokacin zaman jira a shagon tela.

Kayan aikin da suka fara da su: keken lantarki biyu na ɗinkin miƙe, keken wibin ɗaya mai kama bakin yadi kada ya zare, teburin yanka, dutsen guga na wuta da na gawayi, da ƙaramin janareto. Ba su sayi keken aiki na kwamfuta, wato mai yi wa gaban riga ado da zare, ba saboda tsadarsa. Duk rigar da ke buƙatar aiki sai a kai gabanta wurin wani mai keken kwamfuta a kasuwa, a biya shi kan kowace riga. Wannan shawara ba laifi ba ce ga mai farawa. Inda aka yi sake shi ne babu wanda ya zauna ya tambayi mai aikin riga nawa zai iya ba su a rana idan kasuwa ta cika.

A watannin farko komai ya tafi daidai. Oda biyu ko uku a rana, alƙawarin mako guda, kuma ana cikawa. Baba yana awo da kansa, yana riƙe da rabin bayanin a ka, sauran rabin yana cikin wayar matashin, a saƙonnin murya da hotunan da kwastomomi suka turo.

Yadda azumin ya kasance

A 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Duk wanda ya sa kwastomominsa 'yan albashi ne ya kamata ya ɗora kalandar biyu a kan juna tun kafin watan ya kama, domin albashin Maris ya faɗo ne wajen 20 ga azumi. Haka kuwa aka yi. A kwana 18 na farko shagon ya karɓi oda 50, ya gama 42. A kwana 12 na ƙarshe oda 70 suka shigo, yawancinsu cikin kwana huɗu.

Matashin bai karɓa da ka ba, ya yi lissafi. Teloli biyu, kowanne yana haɗa kaftani da wando uku a rana idan an yanka masa, kuma a ƙarshen azumi ana kwana a kan keke. Shida sau goma sha biyu, 72. Da Baba zai taimaka da ɗinki, za a kai 78 ɗin da ke hannu. A takarda lissafin ya fita.

Sai dai cikin 78 ɗin nan, takwas ne kawai ba su da aiki. Sauran 70 dole su bi ta keken kwamfuta, kuma keken mai kai ɗaya ne, wato riga ɗaya yake yi wa aiki a lokaci guda. Irin wannan keke, a aikace, yana sukar allura 600 zuwa 800 a minti ɗaya. Aikin gaban kaftani matsakaici yana cin suka 25,000 zuwa 35,000. Idan aka haɗa da ɗaura yadi a firam, sauya zare, da tsinkewar zare da ba a rasawa, riga ɗaya tana cin minti 45 zuwa awa guda. Ko da keken ya yi awa 15 yana gudu, abin da zai fitar bai wuce riga 15 zuwa 20 ba, kuma mai keken yana da teloli fiye da goma da ke kawo masa aiki tun kafin a san da wannan shago. Rabon da ya iya ba su shi ne huɗu a rana. Kwana biyun ƙarshe kuma ba sa cikin lissafi, don rigar da ta fito daga aiki sai an haɗa ta, an yi wibin, an sa maɓalli, an goge. Huɗu sau goma, 40. A ƙara takwas marasa aiki, 48. Tun ranar da aka karɓi oda ta ƙarshe, riga 30 ba su da hanyar fita, ko da telolin sun daina barci gaba ɗaya.

Abin da ya ɓoye matsalar shi ne shagon bai yi kama da wanda ya maƙale ba. An yanka komai da wuri, an ɗinka wanduna duka, an haɗa hannuwa an jera. Wanda ya leƙo zai ga aiki ya yi nisa. A can kasuwa kuwa, gaban rigunan suna cikin buhu a ƙarƙashin bencin mai aiki, kowanne an naɗe shi da 'yar takarda mai sunan kwastoma da biro, wasu takardun sun faɗi, yaron shagon yana zaune a bakin ƙofa tun bayan Tarawi yana jiran a zo kan nasu. Telolin kuma, da suka ga ba abin haɗawa, sai suka koma karɓar aikin gefe a kan kekunan shagon, abin da ba za a zarge su da shi sosai ba tunda kan kowace riga ake biyansu.

An kai daren Sallah da kaya 90 a hannun masu su, 30 babu. Cikin 90 ɗin kuma, 17 sun dawo gyara.

Rigunan da suka dawo

Waɗannan 17 sun fi 30 ɗin koyar da darasi, domin kowane rukuni yana da sanadinsa daban.

Bakwai wuya ne ya matse. Don a rage lokaci, Baba ya yanke wuyan rigunan kafin a kai su aiki. Aiki mai nauyi yana jan yadi, zaren yana tattare shi ta kowane gefe, musamman idan ba a shimfiɗa takarda mai ƙarfi a ƙasa ba ko an ja yadin da yawa a firam. Wuyan da aka yanka inci 16 da rabi yakan dawo ya rage kusan rabin inci, wani lokaci ya karkace gefe ɗaya. Rabin inci a ƙirji ba a jin sa, a wuya kuwa maɓallin sama ba zai shiga ba. Ɗaya daga cikin masu rigunan, wani babban ma'aikaci, ya zo da tasa a leda washegarin Sallah.

"Baba, wannan wuyan na waye? Ni dai ba nawa ba ne."

"Ranka ya daɗe, awonka ne, ga shi a littafi. Aikin ne ya ja shi."

"To a buɗe shi mana."

"Shadda ce, Alhaji. In na farke, sawun allura ba zai ɓace ba. Sai dai a sake gaban."

Gaskiya Baba ya faɗa. Shadda mai sheƙi ba ta yafe allura, duk inda aka soka aka warware ramin yana nan, guga ba ta rufe shi. Sake gaba kuma yana nufin sabon yadi ɗaya da rabi, sabon kuɗin aiki, da fatan a samu launin da ya yi daidai da bayan rigar. Ƙa'idar ita ce a zana wuya da alli, a bar yadin a cike, a yi aiki, a goge, sannan a sake awo a yanke. Haka ma faɗin gaba: a bar rarar inci ɗaya kowane gefe sai ya dawo daga aiki.

Biyar kuma ba abin da aka ce ba ne aka yi. Wani ya ce ruwan toka, aka kawo masa mai duhu alhali mai haske yake nufi. Wani ya ga ruwan madara a hoto, da kayan suka iso ya ce wannan ruwan ƙasa ne. Hoton waya ba shaida ba ne a kan launi, don hasken shago da na rana da fuskar kowace waya suna sauya shi, shadda kuma ta fi kowane yadi wannan hali saboda sheƙinta. Wani ya turo hoton aiki, bayan kwana biyu ya turo saƙon murya cewa a canza, saƙon ya nutse cikin ɗaruruwan saƙonni. Babu takarda ɗaya da za a ɗauko a ce ga abin da aka yi yarjejeniya a kai, don haka duk gardamar da aka yi shagon ne ya faɗi.

Biyar na ƙarshe na mutanen nesa ne da suka auna kansu suka turo. Mutum ba ya iya auna kafaɗarsa ko tsawon hannunsa shi kaɗai, kuma kusan kowa yana tsuke ciki idan tef ya zagayo. Wasu sun turo awon jiki, wasu sun turo awon riga, ba wanda ya tambaye su wanne ne. Bambancin ba kaɗan ba ne. A kan awon ƙirji na jiki ana ƙara inci 4 zuwa 5 ga mai son riga ta kama shi, inci 6 zuwa 8 ga mai son sakakkiya, a wuya kuma rabin inci. Idan aka ƙara wannan a kan awon da an riga an ɗauka daga riga, mutum zai yi iyo a ciki. Idan aka ɗauki awon jiki a matsayin na riga, ba zai iya ɗaga hannu ya yi kabbara ba.

Inda kuɗin ya bi

Shagon yana karɓar rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami. A irin wannan sana'a da shago ne ke sayen yadi, yadin kaɗai yakan cinye fiye da rabin farashin, balle idan shadda ce mai daraja irin Getzner da ake kawowa daga Ostiriya. Kaftani da wando na babban mutum yana cin shadda yadi 5, ko yadi 4 idan mai faɗin inci 58 zuwa 60 ne. Babbar riga da 'yar ciki da wando, yadi 10. Ke nan kafin alƙalamin bai ma isa sayen yadin ba, balle kuɗin aiki. Giɓin ana cike shi ne da kuɗin wanda ya zo daga baya, kuma muddin oda na shigowa ba a gani.

Lokacin kuma bai taimaka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki Naira a watan Yuni, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya daina zama wuri ɗaya, har dala ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Shagon yana tara oda ne na mako guda sannan ya aika Kantin Kwari a Kano a sayo a turo a mota. Farashin da aka faɗa wa kwastoma ranar Litinin ba lallai ne shi za a tarar a Kwari ranar Asabar ba, kuma ba a komawa wurin mutum a ce ya ƙaro bayan ciniki ya faɗa. A kan wannan aka ɗora man janareto na kwana da kwanaki.

Bayan Sallah, cikin mutum 30 da ba su sami kayansu ba, wasu sun haƙura sun karɓa daga baya, wasu sun ce a mayar musu da kuɗinsu. Kuɗin kuwa ya riga ya zama yadi yankakke daidai jikin mutum ɗaya, wanda ba ya sayuwa ga wani. Cinikin da ya fi na kowane wata a baya ya ƙare ba riba, jarin ma ya taɓu.

Gyaran da aka yi kafin Babbar Sallah

Tsakanin sallolin biyu kwana 67 ne, don an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni. A cikin wannan tazara kuma aka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe a ƙarshen Afrilu, yankin ya shafe makonni ba wutar kirki. Ke nan gyaran an yi shi ne a yanayin da ya fi na azumi wuya.

Abu na farko, kuma wanda matashin ya fi jin zafinsa, shi ne rage zaɓi. "Kawo kowane hoto mu yi maka" ya tashi. Aka tsayar da yanka uku: mai kama jiki, matsakaici, da sakakke irin na manya. Wuya iri uku, hannu iri biyu. Aikin gaba guda 12, kowanne da lamba, an ɗinka samfurinsa a ƙyalle an rataye a bango, kuma an kasa su gida uku bisa lokacin da suke ci a keke: ƙaramin aiki da bai kai suka 10,000 ba, kamar minti 20, matsakaici, kamar minti 45, da mai nauyi da ke haura awa guda. Farashi ya bi wannan rabo. Yadi kala 18 aka yanko aka manna a littafi da lambobi. Idan aka lissafa, kwastoma har yanzu yana da dubban hanyoyin haɗa rigarsa, kuma ba a sami wanda ya yi ƙorafin an takura shi ba. Amfanin ga shago shi ne duk zanen 12 suna cikin keken mai aiki a shirye, ba sai an nemi mai zana sabo a kwamfuta ba, wanda shi kaɗai yakan ci yini, kuma sabon zane ba a sanin halinsa sai an gwada shi a ƙyalle. Mai son zanen da ba ya cikin 12 ɗin ana yi masa, amma da ƙarin kuɗi da ƙarin mako guda, kuma ba a karɓa idan Sallah ta rage wata ɗaya.

Na biyu, katin oda. Kati ɗaya ne mai kwafi biyu, ɗaya ga kwastoma, ɗaya yana bin yadin duk inda ya je, a cikin leda guda da shi. A sama lamba, suna, ranar karɓa da ranar bayarwa. Sai awo, a jere iri ɗaya kullum don kada a tsallake: tsawon riga, kafaɗa, ƙirji, ciki, tsawon hannu, dantse, wuyan hannu, wuya, sannan wando: tsawo, ƙugu, mazaunai, cinya, gwiwa, ƙafa. Kusa da awon akwai wurin da ake rubuta "jiki" ko "riga". Sai lambar yanka, lambar aiki, launin zare, da ɗan ƙyallen yadin da aka zaɓa an maƙala shi da fil. Lambar katin ana rubuta ta da alli a bayan kowane yanki na yadin, don takarda tana faɗuwa, alli ba ya faɗuwa. Kwastoman nesa ana ɗaukar hoton katin a tura masa, sai ya rubuto "na amince" kafin almakashi ya taɓa yadi. Canjin da ya zo a saƙon murya ba a aiki da shi sai an sake kati. Su mutanen nesa an daina karɓar awon jikinsu. Ko dai su aiko da rigar da ta yi musu daidai, ko su shimfiɗa ta a ƙasa su auna ana kallo ta bidiyo.

Baba ya ƙara abu biyu nasa. A gefen riga da bayan wando ana barin rarar inci ɗaya a ciki maimakon rabin inci, don a iya buɗewa. A yadin auduga kuma ana ƙara kusan inci ɗaya a tsawo da hannu saboda yana shiga a wankin farko, tunda ba a wanke yadin maza kafin ɗinki, shadda ma idan ta sha ruwa sheƙinta ya ragu sai an kai bugu.

Na uku shi ne ainihin maganin abin da ya faru a azumi. Maimakon biyan mai aiki kan kowace riga a shiga layi, sai suka sayi lokacinsa: awa huɗu kowace safiya, ana biya duk mako, ko an kawo aiki ko ba a kawo ba, kuma shagon yana ba da gudummawar man janareto. Awa huɗu minti 240 ne. Aka buga allo a shagon, kowace rana da mintinta 240, duk odar da ta shigo a cire mintin aikinta daga ranar farko da ke da wuri. Ranar bayarwa ita ce wannan rana a ƙara kwana uku. Idan allon ya cika har zuwa kwana uku kafin Sallah, an rufe karɓar riga mai aiki, ko waye ya zo. Ranar da za a faɗa wa kwastoma ta daina fitowa daga bakin mai son ciniki, ta koma fitowa daga allo.

A ranakun da oda ba ta cika awa huɗun ba, ba a bar keken ya zauna ba. Littafin azumi ya nuna fari, ruwan madara da ruwan sararin samaniya sun fi fita, da zane uku cikin 12. Sai aka riƙa yanko tsawon gaba daga waɗannan yadudduka, ba a yanke wuya ko gefe ba, a yi musu aiki a ajiye tare da sauran yadin da za a yi baya da hannu da wando, daga bandir ɗaya. Gaban da aka yi wa aiki a cike yana shiga kusan kowane awo, sai dai mai jiki sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya: a makon ƙarshe waɗannan ne suka ba shagon damar karɓar mutum yau a ba shi jibi, da kuɗin gaggawa a kai. Maganar bandir ɗaya ba ƙawa ba ce. Yadi mai lamba ɗaya da suna ɗaya, idan rini ya bambanta, a rana za a ga gaba da baya ba su zo ɗaya ba. Wannan ne ma ya sa ankon abokan ango ba a fara yanka shi sai an san adadin mutane an sayo yadin gaba ɗaya, da rarar mutum biyu.

Kuɗi kuma aka mayar da kafin alƙalami ya zama cikakken kuɗin yadi da na aiki, wanda yakan kama kashi 70 cikin 100, ciko kuma kafin kaya su bar shago. Farashin da aka faɗa yana aiki kwana uku ne kawai. Kaloli shida da suka fi fita ana ajiye su a shago, sauran a saya ranar da kuɗi ya shigo. Aka yi wa shagon rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka buɗe masa asusu nasa, don a da kuɗin oda da kuɗin cefanen matashin a asusu ɗaya suke kwana. Wanda ya zo da yadinsa, a gabansa ake aunawa, a ɗaga shi a haske a duba tabo ko huji, a rubuta a kati, ragowar kuma a mayar masa a cikin ledar kayansa. Zargin tela da cin yadi tsoho ne, kuma wannan ne kaɗai ke kashe shi.

Ta fuskar wuta, an canza injin kekunan biyu zuwa irin wanda ba ya juyawa sai an taka, wanda ƙaramin sola da batir ke iya ɗauka. Dutsen guga ne ba ya ɗaukuwa, don shi kaɗai yana jan wat 1,000 zuwa sama, ya fi kekunan duka a haɗe. Aka tara guga zuwa lokaci ɗaya da yamma a kan janareto. Na gawayi an hana shi taɓa farin kaya ba tare da ƙyalle a tsakani ba, saboda toka da tartsatsi.

Abin da ya fito, da abin da bai warware ba

A Babbar Sallah shagon ya karɓi oda 75, ya mayar da kusan 20. An ba da 73 a ranar da aka rubuta, biyu sun makara da kwana ɗaya, huɗu sun dawo gyara kuma duka an gyara su daga rarar da aka bari a ciki. Cinikin bai kai na azumi ba, amma wannan karon an ga riba. Ya kamata a yi adalci a nan: ɗinkin Babbar Sallah dama bai kai na Ƙarama yawa ba, don kuɗin mutane yana tafiya wurin rago, saboda haka tsarin bai sha irin matsin da ya karya na farko ba.

Biyan teloli har yanzu da gyara. Biya kan kowace riga yana sa gaggawa, albashi kuma yana sa sanyin jiki. Abin da suka tsaya a kai shi ne kan kowace riga, amma ba a lissafa ta sai Baba ya duba ta da tef a kan kati, kuma gyaran da laifin tela ne ba a biya sau biyu. Wannan ya rage dawowar kaya, bai hana wani shago zuwa da tayin da ya fi nasu ana saura mako uku Sallah ba. Babbar riga mai aikin hannu irin na Zariya da hular zanna da ake kawowa daga Maiduguri an cire su daga alƙawarin rana gaba ɗaya, domin aikin hannu yakan ɗauki makonni har watanni kuma ba ya hannun shagon.

Saɓanin da ya rage tsakanin mutanen biyu a kan keken kwamfuta ne. Matashin yana so a ci bashi a saya, hujjarsa mutum 20 da aka mayar. Baba yana cewa, "Ɗana, keken nan ba Sallah kaɗai yake cin abinci ba." A nan hujjar Baba ta fi ƙarfi. Keken yana buƙatar mai sarrafa shi na dindindin, wuta mai tsayawa da na'urar daidaita ta, da makanikin da sau da yawa sai an kira shi daga Kano, ga watannin damina da ɗinki ke ja baya sai ɗan abin da bukukuwa suka kawo. Ma'aunin da suka amince da shi shi ne allon: idan awannin da suke saya suka kai shida a rana, suka kuma cika da odar gaske wata shida a jere, ba da gaban ajiya ba, za a sayi mai kai biyu. Zuwa ƙarshen daminar 2024, matsakaicin abin da oda ke ci bai kai awa uku ba.